Gandun Azbin Da Tenere: A Ƙafa Ko A Mota?

Idan aka ce wa Bahaushen Kano ko na Katsina wai akwai mutanen da kan yi shekara guda cur suna tara kuɗi, sa'an nan su hau jirgin sama su zo hamada don kawai su taka ƙasa da ƙafa su kalli duwatsu da rairayi, abin da zai fara tambaya shi ne ko lafiyarsu ƙalau. Ba kuwa za a ga laifinsa ba, domin a tunanin Bahaushe hamada wuri ne da ake ratsawa bisa larura. Falke ya ratsa ta don neman riba, mahajjaci ya ratsa ta don sauke farali, kowannensu kuma addu'arsa ita ce Allah ya fid da shi daga cikinta kafin salka ta bushe. Amma duk da haka a arewacin Jamhuriyar Nijar akwai gandun daji guda wanda akasarinsa hamada ce zalla, an keɓe shi da doka, kuma an yi zamanin da baƙi daga Turai ke tururuwa zuwa cikinsa kowace shekara idan sanyi ya shigo. Wannan shi ne gandun Azbin da Tenere.

Ra'ayin da wannan maƙala ke ɗauke da shi kashi biyu ne, amma a haɗe suke. Na farko, ziyarar wannan gandu abu ne da ya cancanci wahalarsa, kuma ɗalibin Hausa ya fi Bature dalilin zuwa. Na biyu, wanda aka ɗauka a mota da safe, aka zaga da shi aka dawo da shi masauki kafin magariba, bai ziyarci Azbin ba. Hangen Dala ya yi, wanda kuwa ba shiga birni ba ne, kuma sau da yawa yakan bar ɓarna a bayansa ba tare da ya sani ba.

Gandun Da Abin Da Ke Cikinsa

Kada kalmar "daji" ta ruɗi mai karatu ya zaci kurmi ake nufi. A Hausa daji shi ne inda gari ya ƙare, ko da itatuwa ko babu, kuma kusan ma'anar da kalmar "tenere" ke da ita ke nan a harshen Azbinawa. Gwamnatin Nijar ce ta kafa gandun a shekarar 1988. Faɗinsa murabba'in kilomita 77,360, watau ya ɗara Jihar Neja kaɗan, wadda ita ce mafi girman ƙasa a jihohin Nijeriya, kuma za a iya zuba gandun Yankari fiye da sau 30 a cikinsa. Wajen kashi ɗaya cikin shida na wannan fili an killace shi musamman saboda wata dabba mai kama da gada, fara, mai murɗaɗɗun ƙahoni, wadda masana ke kira adaks, an kuma hana masu yawon buɗe ido shiga wannan sashe. A 1991 hukumar UNESCO ta sa gandun cikin jerin kayan gadon duniya. Shekara ɗaya tak bayan haka, a 1992, ta mai da shi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawayen da ya ɓarke a arewacin ƙasar, har zuwa 2024 kuwa bai fita daga wannan jeri ba.

Gandun ya haɗa ƙasa iri biyu da ba su yi kama da juna ba. Daga yamma akwai duwatsun Azbin, baƙaƙe wuluk, waɗansu ragowar aman wuta ne na zamanin da, kamar Tamgak da Girebun wanda tsawonsa ya kai mita 1,944. Dutse mafi tsawo a duk Nijar, mai mita 2,022, yana kan tudun Bagzan ne, kudu da gandun. Tsakanin duwatsun akwai ƙoramu waɗanda kan bushe kusan duk shekara, amma da yake ruwa na kwance a ƙarƙashin rairayinsu, sai ka tarar da aduwa da magarya da gawo da goriba sun yi layi a bakinsu kamar a ƙasar Katsina. A can ƙololuwa kuma akwai zaitun na daji, irin na bakin Bahar Rum, wanda ya maƙale a nan tun lokacin da ƙasar ke da ni'ima. Akwai ragon dutse, da barewa, har da birai a cikin kwazazzaban Tamgak, waɗanda hamada ta yanke su daga 'yan'uwansu na kudu tun shekaru dubbai. Daga gabas sai Tenere, tekun rairayi, inda mutum zai yi tafiyar kwanaki bai ga ko tsinke a tsaye ba. Wurin da ya fi ɗaukar ido shi ne inda biyun suka haɗu. A Temet tudun rairayi ya tasam ma mita 300 yana jingine da baƙin dutse. A Arakawo duwatsu sun yi zobe, sun bar ƙofa guda ta gabas, iska ta yi ta turo rairayi ta wannan ƙofa har ya taru tsibi a ciki.

Haka nan kuma mutane na zaune a wurin. A Iferwan da Timiya, garuruwan da ke bakin gandun, akwai lambuna da ake shayarwa da ruwan rijiya, raƙumi ko sa na jan guga, ana noma alkama da albasa da tumatir, a Timiya har da lemo da rumman da dabino. Makiyaya kuma na bin ƙoramu da awaki da raƙuma. Dokar da ta kafa gandun ba ta kore su ba, wannan kuwa hikima ce, domin su ne suka san inda kowace rijiya take.

Azbin Ba Baƙuwar Ƙasa Ba Ce

Abin mamaki shi ne yadda ɗalibi zai yi shekara uku ko huɗu yana nazarin harshe da adabi da al'adun Hausa, ya ji sunan Azbin sau ba adadi, amma bai taɓa raya wa ransa cewa wuri ne da ƙafa ke iya takawa ba. Tarihin baka na Gobirawa ya nuna daga Azbin suka gangaro kudu. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci zuwan Azbinawa Gobir a zamanin Sarki Yakubu, cikin ƙarni na 15, ya kuma danganta wannan da yawaitar gishiri a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas don neman ilmi. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa duwatsun a 1850, ya shiga Agadas a watan Oktoba na wannan shekara, daga baya ya biyo ayarin gishiri zuwa Damargu, ya iso Kano a farkon 1851. Har yau ɗin nan Hausa ce harshen kasuwa da na titi a Agadas, birnin da dogon hasumiyar masallacinsa ta laka ta kai mita 27, wanda kuma tsohon garinsa ya shiga jerin UNESCO a 2013.

Shi kansa harshen cike yake da shaidar wannan hulɗa. Dokin da ake kira ɗan Azbin, da kantun gishiri, da gishirin Balma, da madugu, da zango, da amale, da akala, duk kalmomi ne da ɗalibi kan haddace don jarrabawa, alhali kuwa a can abubuwa ne masu rai. Ayarin raƙuma na tashi daga Azbin wajen watan Oktoba, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Balma da gero, ya komo da gishiri da dabino, sa'an nan ya gangara kudu zuwa kasuwannin ƙasar Hausa da rani. Motocin ɗaukar kaya sun rage masa ƙarfi ƙwarai, amma bai mutu ba. Wanda ya yi yini uku yana tafe a bayan raƙumi zai gane dalilin da ya sa Bahaushe ya ce da mai biyayya ido rufe "raƙumi da akala", fiye da yadda kowane ƙamus zai bayyana masa.

Nisa ma ba hujja ba ce. Daga Kano zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne, daga Damagaram zuwa Agadas ta Tanut wajen 450. Ashe ke nan Agadas ta fi Ikko kusa da Kano. Ɗaliban da kan shirya tafiya zuwa kudu don ganin teku ba su taɓa cewa hanya ta yi tsawo ba.

Abin Da Mota Kan Yi

Yawon buɗe ido a wannan yanki ya bunƙasa ne a shekarun 1980, a daidai lokacin da tseren motoci na Faris zuwa Dakar ke ratsa Tenere yana yada zango a Agadas. Daga hotunan wannan tsere ne Turawa da yawa suka fara sanin wurin, saboda haka tun daga tushe hamada da mota a haɗe suka shiga kansu. Kamfanonin yawo suka buɗe a Agadas, mafi shahara shi ne na Mano Dayak, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin shugabannin tawaye, ya rasu a haɗarin jirgin sama a watan Disamba na 1995, aka kuma sa wa filin jirgin saman birnin sunansa. Tsarin yawon shi ne a cika Land Cruiser da baƙi da abinci da ruwa, a yi ta gudu daga wannan abin kallo zuwa wancan, a tsaya minti talatin a ɗauki hoto, a ƙara gaba.

Aibin farko na wannan tsari a kan baƙon kansa yake. Abubuwan da suka sa Azbin ta zama abin nazari ƙanana ne, a ƙasa suke, ba a ganinsu ta tagar mota. A gindin duwatsu irin su Adrar Bus ana tarar da kan kibiya na dutse, da dutsen niƙa, da sakainar tukwane, zube a fili inda masu su suka bar su. A Iwelen da wurare da dama an sassaƙa hotunan mutane da shanu da jimina da raƙuman dawa a jikin duwatsu. A Gobero, kudu da gandun, ayarin masanin nan Paul Sereno da ya zo neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare ya yi kiciɓis da maƙabarta a shekarar 2000, mai kaburbura wajen 200, tare da ƙasusuwan giwan ruwa da dorina da kada, abin da ya tabbatar da cewa tafki ne a wurin shekaru dubbai da suka wuce. A cikin wani kabari an sami mace da yara biyu an binne su rungume da juna. Irin wannan labari ƙasa ce ke ba da shi, sai kuwa mai tafiya a hankali, wanda ke tare da ɗan gari, shi ke jinsa. Wanda ya wuce a guje rairayi kawai zai gani, ya koma gida ya ce hamada wofi ce.

Aibi na biyu a kan wurin yake. A inda ƙasa take tsakuwa, sawun taya kan daɗe shekaru bai goge ba, domin babu ruwan saman da zai shafe shi. Taya kan murƙushe kayan tarihin da ke kwance a fili. Waɗanda taya ta bari kuma hannu kan ɗauke, domin mota ta sauƙaƙa wa baƙo ya cika jaka da duwatsun da mai tafiya a ƙafa ba zai yarda ya ɗora wa kansa nauyinsu ba. Kowane kan kibiya da aka tsince aka kai falo a Faransa ko Italiya, shafi ne aka yage daga littafin da ba a gama karantawa ba, tun da darajarsa ga mai bincike tana ga wurin da aka same shi da abin da ke kusa da shi. Dabbobi ma ba su tsira ba. Adaks dabba ce da Allah ya hore mata haƙurin ƙishirwa, tana iya rayuwa da ruwan da ke cikin ciyawa kaɗai, amma ba ta da juriyar gudu, kuma masu kula da namun daji sun daɗe suna kokawa da direbobin da kan bi ta a guje don baƙi su sami hoto, har ta faɗi ta mutu don gajiya.

A nan wajibi ne a faɗi gaskiya, kada a ɗora wa mai kyamara laifin mai bindiga. Ba masu yawon buɗe ido ne suka ƙarar da jiminar Azbin ba. Farauta ce a lokacin tawayen 1990 zuwa 1995, sa'ad da ma'aikatan gandun suka kasa aiki, ta share garken da yake ɗaya daga cikin manya da suka rage a yammacin Afirka. Ita ma adaks, wadda aka yanka mata wannan makeken fili, ta ɓace daga cikinsa, ragowarta suka koma kudu maso gabas wajen Termit da Tin Tumma, inda wani ƙidaya da aka yi a 2016 ya ga guda 3 kacal. Amma shi ma mafaraucin a mota yake zuwa. Kafin mota, hamada da kanta take tsare dabbobinta, domin ba kowa ke iya kai musu ba.

Babu labarin da ya fi na itaciyar Tenere nuna wannan. Itaciyar ƙaya ce guda ɗaya tilo a kan hanyar ayari tsakanin Agadas da Balma, babu wata a kusa da ita, har ta kai ana sa ta a taswira kamar gari. Da aka haƙa rijiya a gefenta a ƙarshen shekarun 1930, an tarar saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 suna neman ruwa. Ayari bayan ayari sun yada zango a gindinta, da yunwar raƙuma da bukatar itacen wuta, ba wanda ya sare ta. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta ya kayar, a filin da babu abin kaucewa sai ita kaɗai. Gangar jikinta na gidan adana kayan tarihi na Yamai, a gurbinta kuma an kafa ta ƙarfe.

Aibi na uku shi ne na kuɗi. Idan baƙo ya biya kamfani a Faris ko a Agadas, ya taho da abincinsa na gwangwani, ya kwana a tanti, to me mutumin Timiya ya samu ban da ƙura? Mai tafiya a ƙafa kuwa tilas ya ɗauki jagora daga ƙauyen, ya yi hayar raƙumi ko jaki don kaya, ya sayi tumatir da cuku da burodi a inda ya sauka, ya biya maƙerin da ya yi masa zoben azurfa hannu da hannu. Sa'an nan wanda ke ci daga wuri shi ne mai tsaronsa. Misali na nan a Dabus, kusa da hanyar Agadas zuwa Arlit, inda aka sassaƙa raƙuman dawa biyu a kan dutse fiye da shekara 6,000 da suka wuce, babban ya kai mita 5.4. Bayan da labarinsu ya bazu, masu zuwa suka riƙa tattaka su, waɗansu suna rubuta sunayensu a gefe, waɗansu suna ɓantarar dutsen. A 1999 aka ɗauki zubin hoton don ajiya, amma abin da ya rage ɓarnar shi ne sa mutanen yankin su zauna a wurin suna gadi suna kuma yi wa baƙi jagora.

Hujjar Masu Mota

Masu goyon bayan mota na da abin faɗa, kuma ba shirme ba ne. Za su ce gandun da ya fi jiha girma ba a gama shi da ƙafa, daga Agadas zuwa Timiya kaɗai ya haura kilomita 200 na hanya mai duwatsu, kuma ba kowa ke da mako uku ko ƙarfin gwiwar saurayi ba. Za su kawo misalin Kwarin Mutuwa na Amurka, hamadar da aka auna zafin digiri 56.7 a cikinta a 1913, wadda ta zama gandun ƙasa a 1994, inda mutane fiye da miliyan kan je a shekara, akasarinsu a mota, su kalli wuri su koma otal da yamma. Amsa ita ce can akwai kwalta, doka kuma ta hana mota sauka daga kan hanya, akwai ma'aikata masu kama wanda ya saɓa. Gandun Azbin ya ninka wancan fiye da sau biyar, ma'aikatansa kuwa ba su taɓa isarsa ba. Saboda haka ba a ce kada mota ta zo ba. Ta kawo mutum Iferwan ko Timiya ta hanyar da aka saba bi, ta tsaya nan. Daga nan yawon yini guda ma mai yiwuwa ne, kuma shi ne ya fi dacewa da mai rauni: a tashi da asuba a shiga kwazazzabon Tamgak, ko a gangara daga Timiya zuwa inda ruwa ke zubowa daga dutse ya taru a kwarmi, a yi ƙailula a inuwa, a komo da la'asar. Wanda ya yi kilomita goma ta haka ya fi wanda ya yi ɗari uku a kujera sanin Azbin.

Za su kuma ce mota ita ce aminci, domin mai ƙafa idan ruwa ya ƙare masa ya halaka. Wannan magana rabinta gaskiya ce. A ƙarshen watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, 33 mata. Akasarinsu daga yankin Kance suka fito, kudu da Damagaram, watau Hausawa ne da talauci ya tura neman abinci. A mota suke. Motocin suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Mota kan kai mutum cikin sa'o'i kaɗan inda ƙafarsa ba za ta iya dawo da shi ba, alhali madugu ba ya ɗaga zango sai ya lissafa kwana nawa ne zuwa rijiya ta gaba.

Wannan al'amari ya ta da wata tambaya da ta fi ta mota nauyi. Shin ya dace mutum ya je shaƙatawa a ƙasar da 'yan'uwansa ke mutuwa da ƙishirwa? Akwai masu ganin abin da kunya, kuma duk mai tausayi zai ji nauyin maganarsu. Sai dai ƙaurace wa wurin bai ceci kowa ba. Tawaye na biyu, daga 2007 zuwa 2009, ya zo da nakiyoyi a kan hanyoyi, a 2010 aka sace ma'aikata bakwai a Arlit, baƙi suka ɗauke ƙafa. Direbobi da jagororin da suka rasa abin yi ba su zauna hannu rabbana ba. Da yawa sun koma jigilar masu ƙaura zuwa Libiya da Aljeriya, waɗansu suka bi zinariyar da aka gano a Jado a 2014, haƙar zinariya kuwa ta zo da nata sare itatuwa da farauta. Sanin hamada jari ne, idan ba a saye shi don abin kirki ba, wani zai saye shi don wani abu dabam. Abin da ya kamaci mai ziyara shi ne ladabi: kada ya yi wanka da ruwan da rijiya ta yi yini tana tarawa, kada ya ɗauki hoton mace ba izini, kada ya watsa wa yara alewa ta taga kamar mai ba kaji tsaba.

Maganar tsaro kuwa ba ta wasa ba ce. Tun daga 2007 harkar ba ta koma yadda take ba, juyin mulkin Yuli 2023 kuma ya sa an rufe iyakar Nijeriya da Nijar na watanni. Ba wanda zai ba ɗalibai shawarar su ɗauki jaka su kama hanya ba tare da izinin hukumomin Agadas da shawarar mutanen wurin ba. Amma wannan yanayi na nuna wani abu. Harkar da aka gina a kan Turawa kaɗai kan rushe ranar da ofishin jakadancinsu ya ce kada su zo. Da a ce tun farko akwai baƙi daga Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi, masu jin harshen kasuwar, waɗanda ba sa bukatar tafinta, da jagoran Iferwan bai rasa abinci dare ɗaya ba.

Guzurin Mai Niyya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A watannin Afrilu da Mayu da Yuni zafi kan haura digiri 40 kullum, tafiyar ƙafa a lokacin ganganci ce. Da damina kuma, duk da ƙarancin ruwan, haɗarin na ƙorama ne: ruwa zai sauka a kan dutse can nesa inda ba a gani, sai kawai ya taho kamar bango a cikin busasshiyar ƙoramar da mutum ya shimfiɗa tabarma. Ambaliyar da ta rushe gidaje masu yawa a Agadas a farkon Satumba na 2009 irin wannan ce. Da hunturu rana na da daɗi, amma dare kan yi sanyin da har ruwa kan daskare a kan duwatsu, saboda haka bargo ya zama tilas. Mai tafiya na bukatar aƙalla lita huɗu na ruwan sha a yini, ya sha tun kafin ya ji ƙishi. Rawani ya fi hula, domin yana tare rana da ƙura da bushewar leɓe gaba ɗaya, takalmi kuma ya zama mai kauri saboda duwatsun suna da kaifi.

Ga ɗalibin wannan sashe akwai ƙarin kaya biyu, littafin rubutu da na'urar ɗaukar magana. Hausar da ake yi a Agadas na da nata karin da nata kalmomi, sunayen rijiyoyi da zanguna na hanyar gishiri na cikin kawunan madugai waɗanda yawancinsu sun manyanta, haka ma labaran da ake bayarwa game da Asode, tsohon birnin Azbin da ya zama kufai bayan yaƙin Kawsan da Faransawa na 1916 zuwa 1917. Kundin digiri nawa aka rubuta a kan auren gari kaza da sana'ar gari kaza, ana maimaita abu guda, ga kuwa fili a buɗe wanda tsofaffin da ke riƙe da shi ba za su jira har abada ba. Sashen Hausa da ya haɗa kai da jami'o'in Yamai da Damagaram da Agadas zai iya tura ɗalibai biyar ko shida a hutun Disamba, idan hanya ta yi kyau, su sauka a Timiya, su ɗauki jagora da raƙuma biyu, su yi kwana goma.